Malam Aliyu Namangi: Makahon da Ya Bar wa Hausawa Imfiraji

An haifi Malam Aliyu Namangi a shekarar 1894, a ƙauyen Namangi da ke ƙasar Zazzau, a arewacin Najeriya. Tun yana ƙaramin yaro ciwo ya tafi da ganinsa. Saboda haka bai taɓa kallon rubutu a allo ba, bai kuma taɓa ganin harafi a takarda ba. Duk da haka, a yau sunansa yana cikin sahun gaba na marubuta waƙoƙin Hausa.

Yadda ya nemi ilmi

A wancan zamani yawancin mutane bara suke hango wa yaro makaho. Aliyu kuwa ya shiga karatun allo kamar sauran yara. Abin da ido ke yi wa abokansa, kunne ne ya yi masa. Malami ya biya, shi ya saurara, ya maimaita har karatu ya zauna, sannan a ƙara masa. Ta wannan hanya ya yi karatun Alƙur'ani, ya shiga littattafan ilmi a gaban malaman Zariya, birnin da ya daɗe da shahara wajen karatu. Ya san Larabci, ya kuma san yadda ake auna baitin waƙa.

Aikinsa mafi girma

Waƙarsa da ta fi shahara ita ce Imfiraji. Kalmar daga Larabci take, ma'anarta samun sauƙi bayan ƙunci. Doguwar waƙa ce mai kashi-kashi, akwai ta ɗaya, ta biyu, ta uku, har zuwa gaba. A cikinta akwai yabon Annabi (SAW), da wa'azi, da tunatarwa a kan mutuwa da hisabi, da jan kunne a kan munanan halaye. Ba a rana ɗaya ya tsara ta ba, ba kuma a shekara ɗaya ba. Yakan shirya baitoci a zuciya, ya riƙe su da ka, ya faɗa, mai ido ya rubuta. Daga baya aka buga waƙoƙin a Zariya, suka shiga makarantu. Almajirai da makafi suka haddace su, suna rerawa a kasuwanni da ƙofofin gidaje, gidajen rediyo kuma suka ƙara yaɗa su a ƙasar Hausa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa ake kiransa Dokta. Ya rasu a shekarar 1990, yana da shekaru fiye da 90.

Abin koyi a farkon shekara

Idan sabuwar shekara ta kama, iyalai a Ɗan Issa da Madarunfa sukan zauna su tsara noma da kiwo da karatun yara. Sau da yawa ana mantawa da makaho da kurma da gurgu da ke cikin gida, ko kuma a yanke musu shawara ba tare da an ji ta bakinsu ba. Haka yaro zai girma bai san harafi ba, babba kuma ya tsufa ba shi da sana'a. Rayuwar Namangi tana nuna mana matakai huɗu:

1. A tambayi mai naƙasa abin da yake so ya cim ma a bana. Ko ƙaramin yaro ne, a bar shi ya faɗa. Burin da mutum ya zaɓa da kansa ya fi riƙe shi.

2. A fara da abin da yake iyawa. Namangi ba shi da ido, amma yana da kunne da harda. Kurma yana da ido da hannu, gurgu yana da ido da baki.

3. A raba buri kashi-kashi, yadda za a iya ƙirgawa. Maimakon a ce zai iya karatu, sai a ce haruffa 5 a wata, ko sura guda kafin damina, ko rubuta sunansa kafin girbi.

4. A sa mataimaki sananne. Namangi ya samu masu rubuta masa, amma waƙar tasa ce. Mataimaki ya raka, ya karanta, ya tuna, kada ya karɓe aikin.

Yanzu hanyoyi sun fi na zamaninsa yawa. Akwai rubutun makafi mai ɗigo 6 da ake karantawa da yatsa, wanda Louis Braille na ƙasar Faransa ya ƙirƙiro a 1824 yana ɗan shekara 15, shi ma makaho ne. Akwai maganar hannu ta kurame, akwai wayar da ke ɗaukar murya. Jamhuriyar Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, wadda ta ce ilmi haƙƙinsu ne.

Ya kai mai karatu, a ajinku na yaƙi da jahilci ku rubuta burin kowa a littafi, da na masu gani da na marasa gani. A ƙarshen kowane wata a karanta shi a fili, a duba inda aka kai, a ƙara kashi na gaba.