Kirchner, mai zanen da Hitila ya ƙi aikinsa

An haifi Ernst Ludwig Kirchner a garin Aschaffenburg, ƙasar Jamus, ran 6 ga Mayu 1880. Iyayensa suka tura shi Dresden koyon tsarin gini, amma zuciyarsa tana wajen zane. A 1905, shi da abokan karatunsa ukku, Heckel da Bleyl da Schmidt-Rottluff, suka kafa ƙungiya, suka raɗa mata suna Brücke, wato Gada. Wani tsohon shagon mahauci ne ɗakin aikinsu.

Abin da suka sa gaba shi ne a zana abin da zuciya take ji, ko da ya saɓa wa abin da ido yake gani. In mutum yana cikin firgita, sai a ba fuskarsa kore ko rawaya, a tsawaita ta, a karkata gidaje kamar za su abka masa. Wannan hanya ita ake kira ekspiresiyonism. Kirchner ya sha zuwa gidan kayan gargajiya na Dresden yana duban sassaƙar Kamaru da ta tsibirin Palau, kayan da mulkin mallakar Jamus ya kwaso. Ya koyi da yawa daga masassaƙan nan, ko da yake ba a rubuta sunayensu ba.

A 1911 ya koma Barlin, inda ya yi zanensa mafi ƙarfi: titunan birni, mata masu dogayen huluna na gashin tsuntsu, maza na bin su a baya, jama'a cinkus amma kowa shi kaɗai. Ƙungiyar ta watse a 1913, don tarihinta da ya rubuta bai gamshi abokansa ba.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, sai ya shiga soja don kansa. Bai kai bakin daga ba. Tun wajen horo hankalinsa ya dugunzuma, aka sallame shi a 1915. A shekarar ce ya zana kansa cikin kayan soja, hannun dama a gutsure. Hannunsa lafiya lau yake. Tsoron kada yaƙi ya kashe masa sana'a ne ya zana. Daga 1917 ya nemi lafiya a Davos, cikin duwatsun Suwis, ya zauna can yana zanen makiyaya da shanunsu.

Ko can ma tashin hankali ya tarar da shi. A 1937 gwamnatin Hitila ta cire ayyukansa 639 daga gidajen kallo na Jamus, aka baje waɗansu a Munich cikin nunin da suka kira na lalataccen zane, don jama'a su yi musu dariya. A watan Maris 1938 sojan Jamus suka shiga Otirish, wadda iyakarta ba ta da nisa da gidansa. Kirchner ya lalatar da allunan katakon da yake buga zane da su, da waɗansu sassaƙe-sassaƙensa. Ran 15 ga Yuni 1938 ya harbe kansa kusa da gidansa na Frauenkirch, yana da shekara 58.