Marie Curie: Matar da ta gano tiririn da ke cikin dutse, shi kuma ya yi ajalinta

An haifi Maria Sklodowska ranar 7 ga Nuwamba, 1867 a birnin Warsaw na ƙasar Poland, lokacin da birnin ke ƙarƙashin mulkin Rasha. Mahaifinta malamin lissafi da kimiyya ne, mahaifiyarta kuwa tarin fuka ya yi ajalinta tun Maria tana 'yar shekara 10. Da yake jami'ar garin ba ta karɓar mata, sai ta kama aikin koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu, tana tallafa wa yayarta da ke karatun likita a Paris. Sai a 1891 ita ma ta samu tafiya Faransa, ta shiga Jami'ar Sorbonne. A 1895 ta auri masanin kimiyya Pierre Curie.

Shekara guda bayan auren, Henri Becquerel ya gano cewa yuraniyom na fitar da wani tiriri da ido ba ya gani. Marie ta ɗora bincike a kai, ta lura cewa wani dutse da ake haƙowa a Jachymov, cikin Jamhuriyar Czech ta yau, ya fi tsantsar yuraniyom ƙarfin tiriri. Ta yanke cewa lalle akwai wani sinadari a ɓoye cikinsa. A 1898 ita da mijinta suka sanar da gano guda biyu, poloniyom da radiyom. Ta shafe kusan shekara huɗu a wata rumfa mai yoyo tana dafa tan-tan na dusar dutsen, kafin a 1902 ta tace kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyom. Ma'auratan suka ƙi yi wa dabarar rajistar mallaka, suka bar ta kyauta ga duniya.

A 1903 ta sami lambar yabo ta Nobel tare da mijinta da Becquerel, mace ta farko da ta taɓa samu. A 1906 keken doki ya take Pierre ya mutu, ta gaji kujerarsa ta koyarwa a Sorbonne. A 1911 ta sake samun lambar, ita kaɗai.

Radiyom na rikiɗa sannu a hankali ya zama iskar radon, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Daga baya aka tabbatar ita ce ke jawo sankarar huhun da ta daɗe tana kashe mahaƙan Jachymov. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya radon cikin manyan abubuwan da ke haddasa wannan cuta bayan taba sigari, ta kuma ba da shawarar kada ta wuce bekerel 100 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki, ko 300 inda hakan bai yiwu ba.

Batun ya shafi mai gini a Gusau da Tsafe da Bungudu. Duwatsu irin na Kwatarkwashi da na kewayen Tsafe, waɗanda ake fasa irinsu a yi tsakuwa, na ɗauke da ɗan yuraniyom da toriyom tun halittarsu. Akasari radon daga ƙasar da ke ƙarƙashin gida take tasowa, ta bi ta tsagar daɓe, ta taru a ɗakin da ake rufewa ruf. Awo ne kaɗai ke nuna yawanta a kowane gida. Buɗe tagogi da liƙe tsagar daɓe na rage ta, haɗarin kuma ya fi tsanani ga mai shan taba.

Marie ba ta samu irin wannan gargaɗi da wuri ba. Ta riƙa sanya kwalaben radiyom a aljihu, ta kuma yi aiki da na'urorin hoton ƙashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba tare da kariya ba. Ta rasu ranar 4 ga Yuli, 1934 tana da shekara 66, bayan ɓargonta ya daina samar da jini, cutar da ake dangantawa da tiririn da ta daɗe tana sha. A 1995 aka mayar da gawarta Pantheon, makwancin manyan Faransa. Littattafan bincikenta har yau suna fitar da tiriri, shi ya sa ake ajiye su cikin akwatunan da aka shimfiɗa wa dalma.