Marigayi Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Karatun 'Ya'ya Mata

A fitowar mujallarmu ta bana mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wani basarake wanda ba ɗan Katabu ba ne, amma duk wata 'yarmu da ta taɓa riƙe alli a aji ta ci moriyar aikinsa. Wannan kuwa shi ne Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a shekarar 1865 a gidan Durbi Giɗaɗo, daga zuriyar Fulani Sulluɓawa. Ya riƙe sarautar Durbi kamar mahaifinsa, kuma yana kanta Turawa suka shigo Katsina a 1903. A shekarar 1906 aka sauke Sarki Yero aka ɗora shi, sarauta ta tashi daga gidan Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa. Ya hau gadon ne a zamani mai wuya, lokacin da jama'a ke ƙyamar duk abin da ya fito daga hannun Nasara, musamman karatun boko.

Sarki Dikko mutum ne mai son ganin abu da idonsa kafin ya yanke hukunci. A 1921 ya sauke farali, ya zama sarki na farko a Arewa da ya je Makka yana kan karaga. A wannan tafiya ya biya ta Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Kwalejin ta dawo nan Kaduna a 1938, sannan ta wuce Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau.

Sai dai duk wannan rabon maza ne. Tun 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, amma aka shafe shekara 21 babu ajin boko na hukuma ko ɗaya domin 'ya'yan Musulmi mata. Turawan mulki suna gudun tayar da ƙura, iyaye kuma suna tsoron lalacewar tarbiyya da jinkirin aure. Ba wai ilimin mata baƙo ne a ƙasarmu ba, domin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Abin da ya yi saura shi ne shugaban da zai tsaya wa sabon karatun.

A shekarar 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata guda biyu na farko, ɗaya a Katsina a ƙarƙashin inuwar Sarki Dikko, ɗaya a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Mafi yawan ɗaliban farko daga gidajen sarauta da na ma'aikatan En'e suka fito. Ana koya musu karatu da rubutu da Hausa, da lissafi, da tsabta, da ɗinki, da renon yara, ba a kuma bar karatun addini ba. Daga baya wasu garuruwa suka bi sahu, har aka buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato a 1939.

Mu da muka ci alli shekara da shekaru mun san nauyin wannan mataki. Talaka ba ya sakin 'yarsa don an yi shela. Yakan duba ya ga ko manya sun saki tasu. Da sarakuna suka fara da gidajensu, sai bakin masu tsegumi ya fara mutuwa. Gaskiya ne ɗaliban ba su da yawa, karatun kuma ya karkata ga aikin gida, amma ƙofar da aka buɗe ba ta sake rufuwa ba. Sarki Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi.

To, ina muka kwana, 'yan'uwa? Mu da muke Abuja da Legas da Kano da cikin Kaduna mun sa 'ya'yanmu mata a makarantu masu kyau. Amma a gida akwai 'ya'yan ƙannenmu da ke ɗauke da farantin talla a bakin titin Zariya, a daidai lokacin da tsararrakinsu ke aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da ta rasa aji ɗaya zuwa uku da wuya ta kamo sauran.

Muna kira ga kowane ɗan ƙungiya, idan ya zo gida hutun salla, ya leƙa firamaren unguwarsu, ya ga hedimasta, ya tambayi 'yan mata nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai aji shida. Ya kuma ɗauki nauyin littattafai da kayan makarantar yarinya ɗaya daga danginsa har ta gama. Dikko ya fara da gidansa, mu ma mu fara da namu. Allah ya gafarta masa, ya albarkaci zuriyarmu baki ɗaya, amin.