Rogier van der Weyden

Rogier van der Weyden (1399 ko 1400 – 18 ga Yuni, 1464) mai zane ne daga yankin da yake ƙasar Beljiyam a yau. Ya shahara da zane-zanen addinin Kirista waɗanda ake sakawa a coci domin masu ibada.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Tournai da sunan Rogier de le Pasture. Mahaifinsa maƙerin wuƙaƙe ne. A 1427 ya shiga koyon zane a wajen Robert Campin, kuma a 1432 ƙungiyar masu zane ta garin ta amince da shi a matsayin gwani. Daga baya ya koma Brussels, inda ya zama mai zanen birnin tun 1436.

Sauke Yesu daga gicciye

Wannan shi ne aikinsa mafi shahara. Ya yi shi wajajen 1435 da fentin mai a kan katako, bisa buƙatar ƙungiyar maharba masu baka ta garin Leuven, domin ɗakin ibadarsu. Tsayinsa santimita 220 ne, faɗinsa kuma 262.

Mutum goma ne a zanen, cunkushe a ɗan ƙaramin wuri. Yusufu na Arimatiya da Nikodimu suna riƙe da gawar Yesu, yayin da Maryamu mahaifiyarsa ta suma, Yohanna yana tallafe da ita. Jikinta ya karkata daidai yadda gawar ɗanta ta karkata, har da saukar hannu, domin mai kallo ya gane cewa ta yi tarayya da shi a cikin azabarsa. Ana ganin hawaye ɗigo-ɗigo a kumatun masu makoki. Zanen ya shiga hannun Sarki Filib na Biyu na Sifaniya, kuma yanzu yana gidan adana kayan tarihi na Prado a Madrid.

Rasuwa da tasiri

Ya rasu a Brussels a 1464. Bai sa hannu a kan ko ɗaya daga zanensa da suka rage ba, sannan manyan allunan da ya yi wa zauren majalisar birnin sun ƙone a 1695 lokacin da sojojin Faransa suka yi wa Brussels ruwan wuta. Hakan ya sa sunansa ya kusa ɓacewa. A ƙarni na 19 da na 20 ne masana suka sake gano ayyukansa ta hanyar tsofaffin takardu da kwatanta salon zane.