Tarihin Mariya Kalas, Zabiyar Turai

A ƙasashen Turai akwai wani irin wasan kwaikwayo da ake kira opera, wanda kusan duk maganar da ke cikinsa da waƙa ake yin ta. Macen da muryarta ta fi tashi sama a wasan ita ake kira sofrano. Cikin irin waɗannan zabiyoyi, da wuya a sami wadda ta yi suna kamar Mariya Kalas.

An haife ta a birnin New York na Amurka a 1923, amma iyayenta mutanen Girka ne. A 1937 uwarta ta koma da ita Atina, babban birnin Girka, inda ta koyi waƙa a hannun wata malama 'yar ƙasar Sifen, Elvira de Hidalgo. Idan ta gama nata darasi ba ta tafiya gida, sai ta zauna tana sauraron na sauran ɗalibai.

Wannan naci ya yi mata rana. A 1949, a birnin Venis na Italiya, wata zabiya ta kwanta rashin lafiya ana gab da wasa. Cikin mako guda Mariya ta haddace waƙoƙin matar, ta hau dandali a madadinta, jama'a suka cika da mamaki. A 1951 ita ta buɗe wasannin shekara a La Scala, mashahurin gidan opera na Milan.

To, amma murya aro ce. Ran 2 ga Janairu 1958, a birnin Rum, ciwon maƙogwaro ya sa ta kasa ƙarasa wasan Norma, ga shugaban ƙasar Italiya a zaune. Jaridu suka yi mata ca, kamar ba su taɓa yabonta ba. Sannu a hankali muryar ta yi ta rauni. Wasu sun ce ramar da ta yi ce, don ta rage nauyi fiye da kilo 30 tsakanin 1953 da 1954, wasu kuwa suka ce yawan aiki ne tun tana ƙarama.

Ta yi opera ta ƙarshe a Landan a 1965, ta kuma rera waƙa gaban jama'a karo na ƙarshe a Japan a 1974. Ta mutu a Faris ran 16 ga Satumba 1977, tana da shekara 53. Muryar da ta guje mata tun tana raye, ga ta nan a faifai, masu koyon waƙa suna ta saurare.