Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata (1877-1955)

A wannan fitowa za mu tuna da Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, ita ce asalin laƙabin. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, kana ya shahara da cinikin gyaɗa a Kano. Da ajali ya gabato a 1955, ya tara 'ya'yansa ya hore su da haɗin kai, kada kamfanin ya wargaje. Mu kuwa mun sha ganin gidajen da rabon gado ya watsa. Ɗansa Aminu ya shiga aikin gine-gine, tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote kuma ya gina masana'antar siminti a Obajana.