Laura Ingalls Wilder: Wata Bakwai Cikin Dusar Ƙanƙara

An haifi Laura Ingalls a 1867 a jihar Wiskonsin ta Amurka. Mahaifinta Charles mutum ne mai yawan ƙaura, har ya sauka da iyalinsa a De Smet, wani sabon gari a yankin Dakota. Mutanen garin baƙi ne kamar mu, abinci da kwal duk jirgin ƙasa ke kawo musu.

A Oktoba 1880, tana 'yar shekara 13, guguwar dusar ƙanƙara ta fara, ba ta lafa ba sai Afrilu. Dusar ta binne layin dogo, jirgi ya daina zuwa, kantuna suka koma wayam. Wurin kuwa fili ne fetal, ba itace. Dole suka tattaru a ɗaki guda gefen murhu, suna murɗa busasshiyar ciyawa suna ƙonawa. Da fulawa ta ƙare, sai niƙa alkama a ɗan injin kofi na hannu, a samu burodin ranar. Jirgi bai shigo ba sai Mayu 1881.

Wani saurayi, Almanzo Wilder, na cikin mutum biyun da suka yi kasadar fita neman alkama. Shi ta aura a 1885. Sai da ta kai 65 ta fitar da littafinta na farko, na wannan hunturu kuwa a 1940. Ta rasu a 1957.

To jama'a, mu da hatsinmu ke zuwa a mota daga Arewa, kada mu yarda sito ya koma fanko, don hanya ba ta sallama ranar da za ta toshe.